Shekarar da Kanwa Ta Daina Zuwa Maigatari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarka, nan cikin gida Gumel, zuwa ga Malam mai shirin tafiya Katsina. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na ruwan da cikinka bai saba da shi ba, da na mai yi maka fara'a alhali zuciyarsa ba ta tare da kai. Amin.

Bayan haka, ka san ni da kai ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba. Kai ne na fari, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, kuma tun yaye kakarka ta ɗauke ka zuwa Gagarawa. Da ka girma ka dawo gabanmu, in ka shigo gaishe ni, ni ina kallon tabarma, kai kana kallon ƙofa. To, takarda ba ta da idon da zan ji nauyi. Shi ya sa na jiƙa tawada na zauna. Na ce wa ƙanwarka Halima ta miƙa maka, ta kuma ce ka karanta tun ba a ɗaura wa doki sirdi ba. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna da allo ya saba.

Farko dai godiya nake yi wa Allah. Yaron da aka goya aka fita da shi yana kukan nono, yau shi aka kira ya je ya zaunar da 'ya'yan mutane ya koya musu lissafi da yadda ƙasa ke ciniki da ƙasa. An ce mini cikin waɗanda za su zauna gabanka akwai 'ya'yan sarakuna da na hakimai, wato gobe su ne za su ce a buɗe hanya ko a rufe. Da mahaifinka yana raye, da ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ni kuwa tun da na ji nake ƙara raka'a biyu bayan walaha.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai, shi ne abin da ya faru shekaranjiya a zaure, da 'yan'uwa suka taru yi maka sallama. Ina bayan zana ina kwasar tuwo, komai a kunnena. Na ji ƙanena, kawunka Ɗanjuma, da ya taso tun daga Sule Tankarkar da wannan ƙafar tasa, yana tsokanarka.

Ya ce, "To Malam, me za ka koya musu can? Ai na ji duk sun yi sauka."

Ka ce masa lissafi, da sha'anin fatauci, da yadda hukuma kan hana fita da kaya in ta ga talakawanta za su cutu, kamar yadda aka hana fita da hatsi a shekarar yunwa.

Ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Madalla! In ka gama koya musu rufe hanya, ka turo mini su in nuna musu inda jaki ke bi."

Kowa ya yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce, "Kawu, da irinku sun bar geron nan inda aka ce a bar shi, da ba a binne mutane da yawa haka ba."

Nan take kawunka ya miƙe. Na ji ƙarar sandarsa a ƙasa, na ji ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Malam." Akushinsa ya dawo mini ko loma ba a yanka ba.

Ba faɗa zan yi maka ba. Kai a Gagarawa ka yi shekarar nan, gidan da rumbu bai ga ƙasa ba, abin da ka gani shi ne an hana fita da hatsi, hatsi ya zauna, ka ci ka ƙoshi. Kawunka kuma labarin bulalar da aka yi masa a kasuwa kaɗai ka taso kana ji. Ni a bakin iyaka na yi ta, da tsohon ciki. Bari in gaya maka yadda na gan ta, da wuraren da na yi wa abin gurguwar fahimta, don ka ɗauki abin da zai amfane ka da yaranka.

A lokacin muna Maigatari. Mahaifinka fatoma ne, wato gidanmu ne masaukin fatake masu gangarowa daga arewa. Jakuna da raƙuma su zo da kanwa da gishiri da dabino, a sauke a ƙofar gidanmu, shi ya nemo musu masu saye, su kuma su cika mangala da gero da dawa su koma. Ni aikina tukunya. Ranar jajibirin kasuwa har hannuna ya yi kanta don dakan fura. Turakun ƙarfen da Nasara suka kakkafa suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa, ba su hana kowa komai ba. Yara ma ɗaure awaki suke yi a jikinsu. Yayata Hasiya, innarka, tana aure a wani ƙauye bayan turakun, kusa ƙwarai, in ta taso da hantsi tare muke sallar azahar.

Sai ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Kaka ta zo ba kaka ba. Kullum aka je awo, mudu ya ƙara tsada, ga fataken arewa suna saye ba ciniki, don su abin ya fi yi musu muni. Ana nan sai wata ranar kasuwa sanƙira ya hau tudun 'yan tabarma ya yi shela: daga yau ko dami ɗaya ba zai haura iyaka ba, wanda aka kama ya kuka da kansa.

Malam, ranar nan murna na yi. Har waina na toya na yi sadaka, ina sa wa wanda ya kawo wannan shawara albarka. Kuma gaskiya, sai da farashi ya faɗi. Zawarawan unguwarmu da suka fara cin tafasa gayanta suka koma ɗora tukunya. Wannan alheri ne, na gan shi da idona, kada ka bari kowa, ko kawunka, ya ce maka ba a yi shi ba. Ka faɗa wa yaranka shi. Amma ina toya wainar nan ko sau ɗaya ban tuna Yaya Hasiya ba. Shela ta ce iyaka, ni kuma na ji kamar ana maganar wata ƙasa mai nisa, na manta cewa bayan turakun nan akwai wadda muka sha nono ɗaya. To in ka zo koya musu wannan babi, kada ka bar su su ce "mutanen can" su wuce. Ka tsayar da su, ka tambaye su wa suka sani a can. Wanda ya ce ba kowa, ka ce ya je ya tambayi uwarsa.

Kuskurena na biyu kan kanwa ne. Ba wanda ya hana shigowa da kanwa, shelar ba ta ko ambace ta ba. Don haka na ci gaba da yadda na saba. Maƙwabciya ta aiko, in gutsura mata. Wake in zuba masa son raina, awaki in jiƙa musu. Gidan fatoma ne, yaushe kanwa za ta yanke mana? Akwai wani dattijon Bamange mai fataucin kanwa daga arewa da ake kira Kyari, tun kafin a kawo ni gidan yake sauka wurin mahaifinka. Zuwansa na ƙarshe, da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa ya yi mini sallama.

Na ce, "Baba Kyari, sai kasuwa mai zuwa ke nan. A taho mana da kanwa ungurnu mai kyau, ka ga halin da nake ciki."

Ya ce, "Uwargida, in zo in koma da me? Yarana kanwa za su ci? Ni fa ba sayar da kanwa ke kawo ni ba, sayen gero ke kawo ni."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Ashe sallamar ke nan. Kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa, ƙofar gidanmu ba ko kashin jaki. Kanwa ta ɓace, gishiri ya bi ta. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo da ƙwarya rabi, na yi mata ƙorafi, ta ce, "Ke kina maganar nono, mu shanu ƙasa suke lasa. Ga ba ciyawa, ga ba kanwa, me za su tsatso?" Ka ga an hana abu ɗaya fita, abu uku sun daina shigowa, ba kuma wanda ya yi shelarsu. Ka nuna wa yaran nan cewa jakin da ke fita da kaya shi ne dai mai shigowa da wani. Duk wanda zai ce a tare wani abu, ya fara zama ya lissafa me ke dawowa a bayan dabbar nan, da su wa ke jiransa.

Arahar geron ma ba ta daɗe ba. Masu rumbu suka ga a nan an karya musu farashi, can kuwa bayan turaku ana neman mudu ido rufe. Sai suka liƙe rumbunansu suka ce ya ƙare. Gero ya bar kasuwa ya koma bin daji. Mai hali ya san hannun da zai cika a bar raƙumansa su wuce da rana tsaka, mai jaki ɗaya shi ake kamawa. Sannan abin da ban taɓa zato ba ya faru: da hatsi ya ƙi zuwa wurin mutanen arewa, sai su suka taso suka zo wurin hatsi. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, suka cika gindin bishiyoyin kasuwa. Mutum ba dami ba ne balle a ce an hana shi ƙetarewa. Bakunan da aka rufe hanya don kada su ci geronmu, ga su a ƙofar gida, kuma wane Musulmi ne zai ci ya hana su? Yawancin waɗanda ka ce an binne, cikinsu ne, sun iso jiki ya riga ya ƙare. Ban ce shelar ce ta kashe su ba, Allah Shi ne Masani, fari ne ya fara. Amma ba geron da kawunka ya ɗauka ne ya kashe su ba.

Cikin wannan hali na haifi Halima. Ka san mai jego da kunun kanwa take tashi, shi ke gasa mata ciki ya kawo ruwan nono. Aka duba tukunyar da nake ajiya, sai gari-gari a ƙasa. Ungozomarmu, Iya Tabawa, ta tace tokar karan gero ta dama mini da ita. Ina sha ina amayarwa. Nono ya ƙi zuwa, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma buɗe baki kawai ba sauti. Mahaifinka ya zagaye garin nan gida gida, wanda ke da ɗan gutsure ya ɓoye wa ranar kansa, ban kuma ga laifinsu ba.

Ana cikin haka, wata rana bayan azahar sai ga kawunka ya faɗo gida, ƙafafu duk ƙaya, wuya ya yi baƙi da rana. Shi da tsakar rana yake bi, lokacin da zafi ya kori masu tsaron hanya zuwa inuwa. Ya kai wa Yaya Hasiya gero, ya biyo da kanwa a ƙunshe cikin hularsa. Ya ajiye gabana ya ce, "Yaya, ga tsarabar Faransa. A dama miki ki sha, 'yar nan ta bar mu mu yi barci."

A nan na yi kuskuren da ya sa na gane inda ka gado harshenka. Na kawar da kai na ce, "Ɗanjuma, hukuma ta hana. Abin da aka samo ta hanyar saɓa wa shugabanni, ni ba zan sa shi a cikina ba." Haka na faɗa, da 'yata a cinya tana shirin mutuwa, ina ganin tsoron Allah nake yi. Shi dai ya tsuguna yana cire ƙaya.

Iya Tabawa ce ta taso mini. Ta ce, "Ke 'yar malam, rufe mana baki! Sata ya yi? Geronsa ne, ya kai wa 'yar'uwarku. Kanwar kuma wa ya hana ta? In karatun naki ne zai shayar da yarinyar, to bismilla, karanta mata." Ta ɗauke ƙunshin ta nufi murhu.

Na sha. Ban ce kanwa ce ta raya Halima ba, Mai rayawa Shi Ya raya ta, amma ta hannun nan Ya biyo. Kafin suna nono ya zo har yana jiƙa mini zane. Wadda ta miƙo maka takardar nan, ka dube ta da kyau.

Ba zan wanke kawunka tas ba, don ba na son in rubuta abin da za a tambaye ni ranar gobe. Ba duk geron da ya haura da shi ne na zumunci ba. Ya sayar, ya ci riba, har sabuwar riga ya ɗinka a shekarar da mutane ke sayar da tasu. Na faɗa masa a lokacin, ya kuma sani. Amma Yaya Hasiya da 'ya'yanta da geron nan suka ga damina, ɗaya kaɗai ta rasa. Daga baya aka kama shi, aka karɓe jakunan, aka yi masa bulala gaban jama'a, a wajen kokawar kamun ne ƙafar ta goce, ba ta kuma koma daidai ba. Masu raƙuman da na gaya maka kuwa, har yau a sahun gaba suke salla. Bin doka abu ne mai kyau, ni na hore ku da shi, kada ka fasa. Sai dai in za ka yi wa mutum hukunci, ka fara sanin me ke cikin mangalarsa, da gidan da za a sauke ta. Ka kuma gaya wa masu mulkin gobe su duba a kan bayan wa bulalar dokarsu ke sauka.

Saura ɗaya. Da Allah Ya kawo damina mai albarka, aka yi kaka, aka sake shela cewa an buɗe hanya. Na ce alhamdu lillahi, wahala ta ƙare. Ranar jajibirin kasuwa na sa aka share zaure aka yayyafa ruwa, na fito da tabarmin baƙi na kakkaɓe, na daka fura cikin babbar ƙwarya kamar da. Mahaifinka ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna a dakali yana duban hanyar arewa. Har la'asar sakaliya ba kowa. Almuru ta yi muka rabar da furar. Mako na gaba na sake dakawa. Sai a hankali labari ya zo mana: wasu fataken sun mutu, wasu sun cinye dabbobinsu, waɗanda suka rage kuma sun sami wata kasuwa can gabas, da wani fatoman da bai juya musu baya ba a shekarar wuya. Baba Kyari ya aiko da gaisuwa, ya ce ba fushi yake ba, amma ya riga ya ci gishirin wani. Kasuwa ta farfaɗo daga baya, ta cika da sababbin fuskoki, gidanmu dai bai sake cika ba. Dalilin dawowarmu Gumel ke nan, mahaifinka ya koma ɗinkin hula har Allah Ya karɓi abinsa. Ni na zaci hanya kamar ƙyaure ce, a rufe da safe a buɗe da yamma a tarar da ɗaki yadda aka bar shi. Ashe sabo ne da amana ke riƙe da ita, su kuwa shela ba ta dawo da su. Wannan ma ka sa shi cikin karatun, ko da littafin bai kawo shi ba.

Duk da haka, in na waiwaya godiya ce ke cika mini zuciya. Mun shiga shekarar nan mun fita. Na ga aurenka, ina shirin ganin na Halima. Yaya Hasiya na nan da ranta, har ta aiko maka da dabino, yana cikin kayanka. Ilmin da Allah Ya ba ka ya fi nawa nesa ba kusa ba, ka san ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba, kuma na tabbata akwai lokacin da rufe hanya shi ne daidai, ku ne za ku san shi. Ni abin da na gani daga bakin murhu na ba ka, ka haɗa da naka.

Yanzu ga roƙona. A cikin jakarka ta fata akwai ƙunshi biyu na kanwa ungurnu. Ɗaya naka ne. Ranar da za ka yi musu wannan darasi, ka ajiye shi gabansu tare da mudun gero, ka bar su su gano da kansu yadda ɗaya ke jawo ɗaya. Na biyun na kawunka ne. Ƙwarnafi na damunsa tun bara, ita yake tsotsa ya ji sauƙi. Hanyarka ta Katsina ta ƙofar gidansa ta bi, ba ratse za ka yi ba. Ka sauka daga kan dokin tun daga nesa, ka cire takalmi, ka tsuguna. Ba sai ka yi dogon bayani ba, shi ba ya son haka, zai ma mayar da abin wasa, ya ce ko an kama ka da kanwar a hanya. Ka bar shi ya yi, ka yi dariya wannan karon. Jikinsa ba kamar da ba, kai kuma ba ka san yaushe za a sallame ka ka zo gida ba. Ba na son kalmar nan ta zaure ta zama ita ce ta ƙarshe tsakaninku.

Kada ka ce za ka aika wani ya kai. Jiya na riga na sallami mai zuwa Sule Tankarkar, na ce a gaya wa Ɗanjuma bashin kanwarsa na nan tafe, a hannun ɗansa. Na san shi, tun hantsi zai sa a shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida yana duban hanyar Gumel. Na taɓa ganin mutum ya zauna haka har rana ta faɗi ba wanda ya zo. Kada ka bari in ji an sake.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka, Ya ba ka ɗalibai masu jin magana da abokan zama na kirki. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a abin da za ka koyar, Ya dawo mana da kai muna masu rai, in kuwa ba mu gana ba, Ya haɗa mu a inda ba a rufe wa kowa hanya. Na yafe maka duniya da lahira. Ka riƙe salla a kan lokacinta.

Wassalam. Mahaifiyarka.